Kilo Huɗu

Allurar sikelin ta tsaya a kan tamanin da huɗu, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Mai-walda ya sauka, ya tuɓe singileti, ya sake hawa. Tamanin da huɗu dai.

Saura mako goma a yi gasar masu gina jiki, kuma wannan ne karonsa na farko. Koci ya ba shi zaɓi biyu. Ko ya ci ya cika, ya shiga rukunin kilo casa'in, inda ƙattin da suka shekara goma suna ɗaga ƙarfe za su mai da shi ɗan rakiya. Ko kuma ya zubar da kilo huɗu, jiki ya bushe, jijiyoyi su fito, ya faɗa rukunin tamanin. A can mutum ɗaya ne abin shakka: Bijimi, wani direban tanka da ya ɗauki kofin sau biyu, kuma ɗaki ɗaya suke atisaye.

Matarsa, wadda ke aikin gwajin jini a asibiti, ta ce ya ci abincinsa, ko na biyar ya zo ai an san ya zo. Shi kuwa ya zaɓi ya bushe.

Da labari ya kai kunnen Bijimi, sai ya saki ƙarfe mai kilo talatin dab da yatsun ƙafar Mai-walda, har siminti ya tsage.

"Ka shigo, ƙanena," in ji shi yana murmushi. "Amma ka lallaɓa hannuwan nan, da su kake ciyar da gida."

Mako shida yana fama da dafaffen ƙwai da ganye, sikeli ya kafe a tamanin da biyu. Sai ya fara shan ƙwayar da ke tsotse ruwan jiki, ba da sanin Koci ba. Idanunsa suka zurma, zuciyarsa ta koma kusa. Wata rana jiri ya kwashe shi a shago, ya faɗi kan ƙarfen da ya gama narkarwa, cinyarsa ta ƙone har yana jin ƙaurin naman kansa.

Matar ta ɗebi jininsa da kyar. Da ta dawo da takarda ta ce ƙodarsa ta fara gazawa, in bai daina ba ba zai ga ranar gasar ba. Ya yayyaga takardar, ya maka faranti da bango, ya naushi ƙofar ɗaki har hannunsa ya ɓulla ta waje. Daga ranar ba ta ƙara yi masa musu ba. Ita ke auna masa abinci, ta tambaye shi ƙarfe nawa zai fita, ta wace hanya zai bi, ta yi masa a dawo lafiya.

Saura mako uku, da hantsi, ya yanke ta lungun bayan ma'ajiyar katako. Babur ya sha gabansa. Mutum biyu ne, fuskokinsu a rufe cikin hular kwano. Ɗaya ya shaƙe shi ta baya, kuma da a da ne da ya yi jifa da shi, amma yunwa ta cinye ƙarfin. Suka kai shi ƙasa, suka miƙe hannunsa na hagu a kan bulo. Na biyun ya ɗaga rodi, ya ɗan yi jim, sannan ya sauke. Ƙashin ya yi ƙara kamar busasshen reshe. Ba su taɓa wayarsa ba, ba su ce uffan ba.

A asibiti, kafin a gama ɗaukar hoton ƙashin, matar ta iso da riga mai faɗin hannu. Likita ya ɗaure hannun, ya ce wata uku ba ɗaga ƙarfe, ya kuma sa masa ledar ruwa biyu. Ta zauna a gefen gado tana ba shi abinci a baki. Shi kuwa murmushin Bijimi kawai yake gani.

Ranar da aka sallame shi bai nufi gida ba. Ya wuce ɗakin atisaye, ya tarar da Bijimi kwance a kan benci, ya ɗaga sandar ƙarfe mai kilo ɗari sama da ƙirjinsa. Mai-walda ya suri faifan ƙarfe da hannun dama ya rafka masa a gwiwar hannu. Sandar ta rufto a kan fuskar mutumin. Haƙora suka watse a ƙasa, jini ya fantsama har kan madubi. Bai tsaya ba. Ya ƙara, ya ƙara, sai da mutum huɗu suka danne shi, Koci na ta kiran sunan Allah.

Washegari aka bar matar ta gan shi ta tsakanin sandunan ofishin 'yan sanda. Ta ce muƙamuƙin Bijimi ya karye gida uku, kuma ba a san ko idonsa na dama zai sake gani ba. Ya ce ko a jikinsa, wanda ya turo a karya shi ya ɗanɗana abin da ya ɗanɗana.

Ta daɗe tana kallon farin ɗaurin da ke hannunsa. Sannan ta jingina goshinta da sandunan, muryarta can ƙasa.

"Maigida, yayyena ne a kan babur ɗin. Ni na roƙe su, na ce hannun hagu kawai."