Masara Mai Roɗi-Roɗi

Takardar canjin wurin aiki ta biyu ke nan cikin shekara guda, kuma darakta bai ko ɗago kai ba da ya miƙa wa malamin gonar. Daga Gusau aka jefa shi Tsafe, yanzu kuma Bungudu. Laifinsa bai sauya ba: ya ƙi sa hannu a rahoton da ya ce masarar manoma mai roɗi-roɗi cuta ce, a ƙone irinta, a raba na ɗan kwangila, fari fat kamar haƙoran mai neman ƙuri'a.

Ya ciro goyon masara daga aljihu, ya ajiye bisa tebur.

"Ranka ya daɗe, ɗigon nan ba cuta ba ne. Cikin gadon da kowace tsaba ke ɗauke da shi akwai 'yan guntaye marasa zama wuri ɗaya. Su tashi nan, su sauka can. Duk inda suka taɓa sai launi ya sauya, wani lokacin har jikoki su gada. Da haka iri ke sabuntuwa."

"Malam, ban kira ka lacca ba. Kama hanya."

Ya naɗe takardar, ya sa a aljihun da masarar ta fito. Tun zamansa a Gusau manoman Mada suka bi shawararsa, suka ɓoye irinsu a rumbu. Na Tsafe wata bakwai ya ishe su koyo.

A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ƙananan hukumomi goma sha huɗu gare mu, ranka ya daɗe. Saura sha ɗaya. Kada ka gaji."