Mai Lamba 3108

Ƙarfe goma na safe Malama ta kunna majigi a ɗakin karatu na jami'a. Kwamfutar teburinta ta buɗe rumbun mujallun ilimi na intanet da kanta kamar kullum, hoton ya zauna a bango. Kwamfuta arba'in ne a ɗakin, ɗalibai sha ɗaya. Bakwai daga cikinsu sun zauna a layin baya, inda soket yake, suna cajin waya.

Shekararta shida tana wannan darasi, Talata da Alhamis, kuma tsarinta bai taɓa canjawa ba. Takan tambayi 'yan ajin sashensu, ta ce su ba ta batu ɗaya. Sai ta rubuta shi a akwatin bincike, ta nuna yadda ake tace sakamako da shekara da fanni, sannan ta sauke maƙala uku ko huɗu a gabansu don su ga abin ba tsafi ba ne. Yau 'yan sashen noma ne, suka ba ta tsutsar masara.

"Malama, wannan zai fito a jarrabawa?" in ji wata daga baya.

"Ba zai fito ba, 'yata. Amma ranar rubuta kundin kammalawa za ki neme shi."

"Ai akwai masu rubuta kundi a bakin get," wani ya ce ƙasa-ƙasa. Aka yi dariya, aka sa hannu a takardar halarta, aka watse.

Da rana shugaban ɗakin karatu ya kira ta ofis. Bai yi kwana-kwana ba. Kwamiti zai zauna Litinin ta sama. An kawo shawarar a daina sabunta rajistar rumbun, a kwashe kwamfutocin, a yanka ɗakin a yi ofisoshi.

"Takardar halarta ba za ta cece mu ba, Malama," ya ce. "Sun san yara sa hannu suke yi su gudu. Ki kawo mini ɗalibi ɗaya tak, mai jini a jika, ya tsaya gabansu ya ce ya amfana."

Tana da ɗaya. Ba ta dai taɓa ganin fuskarsa ba.

Duk ƙarshen wata kamfanin rumbun yakan aiko da rahoto. Ba a sa suna a ciki, sai lambar mai shiga, da fannin da ya karanta, da yawan maƙalolin da ya sauke. Yawancin lambobin sau ɗaya suke bayyana, su ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Ban da 3108. Shi kam talatin yake saukewa a wata, wani lokaci har talatin da biyar. Kuma bai tsaya a fanni ɗaya ba: yau shari'a, gobe lafiya, jibi aikin gada. Tun yana aji ɗaya, a lissafinta, take bin sa da ido. Da shekara huɗu ta wuce bai ɓace ba, ta ce ya zarce digiri na biyu ke nan. Lokacin hutu yakan yi shiru, ta ce ya tafi gida inda ba intanet. Watan da aka yi mata aikin ido ya ja baya sosai, ta dawo ta gani, ta ce wataƙila shi ma wata lalura ce ta same shi, har ta yi masa addu'a.

A gida an san shi. In ta shigo da fara'a, maigidanta yakan ce, "Yau ɗan naki ya yi karatu ke nan?" 'Yarta ta fari kuwa cewa take, "Mama, wannan yayan namu ko sau ɗaya bai zo gaishe ki ba." Ita dai murmushi take yi. Duk ranar da ta tsaya gaban kujeru ba kowa, shi take tunawa ta ci gaba da magana.

Ta liƙa sanarwar neman mai lamba 3108 a allon kowane sashe. Ba wanda ya zo. Ta tambaya a ajin Alhamis, aka dubi juna, ba ma wanda ya san yana da lamba. Duk da haka, da shugaba ya tare ta a matakala, bakinta ya riga ta: "Na same shi, ranka ya daɗe. Zai zo." Ya sa sunanta a jerin masu magana.

Ranar Juma'a ta gangara ofishin mai kula da na'urori. Tare aka ɗauke su aiki, Yaya yake ce mata. Ta miƙa masa rahotannin shekara shida, kowanne ta ja wa lambar layi da jan biro.

"Yaya, kin san doka ta hana in fallasa mai lamba."

"Na sani, ƙanena. Ba zan kira sunansa a ko'ina ba sai ya yarda. Roƙonsa kawai zan yi."

Ya ja kujera, ya buga lambar. Tana tsaye a bayansa tana shirya abin da za ta ce wa yaron: ba sai ya yi dogon jawabi ba, ya dai faɗi gaskiya. Ta ga ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya daɗe bai juyo ba.

"Ya kammala ya tafi ne?" ta tambaya.

"A'a, Yaya," ya ce, idonsa a kan allo. "Ba ɗalibi ba ne. Lambar kwamfutar da kike koyarwa da ita ce."