Tutar da Tsoho Bai Sauke Ba

Ka ce mini tunda aka ɗora ka a saman wanda ya koya maka aiki, ba ka ga dalilin ci gaba da jiran ta bakinsa ba. Ban ce ka yi laifi ba, ƙanena. Amma saurari wannan, sai ka yanke hukunci da kanka.

A ƙasar Ostiriya, inda dusar ƙanƙara ke rufe duwatsu wata da watanni, akwai wani wasan tsalle. Mutum zai ɗaura wa ƙafafunsa siraran katakai biyu, kowanne ya fi shi tsawo, ya hau hasumiyar da aka gina a kan tsauni, ya zauna a kan wata sanda. Daga nan zai sulalo a kan ƙanƙara da gudu irin na mota a babban titi, ya daka tsalle, ya miƙe a iska kamar shirwa, ya sauka can ƙasa a kan gangare. Wanda ya fi nisa, ya kuma tsaya da ƙafafunsa, shi ya ci. Gangaren ne ke karɓar nauyin mutum. In ya zarce inda gangaren ya ƙare, ya sauka a kan fili, daidai yake da wanda ya diro daga bene. Iskar da ke tahowa ta gaba ita ke ɗaga ɗan wasa, amma wanda ke saman hasumiya ba ya ganin iskar da zai shiga, bakin tudu ya tare masa. Saboda haka mai horar da shi ke tsayawa a ƙasa, a gefen tudun, da 'yar tuta a hannu, yana kallon ƙyallayen da aka ɗaure a jikin sanduna. In alƙalai suka kunna koriyar fitila, ɗan wasa yana da daƙiƙa goma ya taso, in ya wuce haka an cire shi. A cikin goman nan, ba ya motsawa sai ya ga tuta ta sauka.

An yi wani zakara a wasan nan wanda tsoho guda ya riƙe wa tuta tun yana ɗan shekara bakwai. Ya ci gasa a ƙasashe da dama, kofuna sun cika masa falo. Abu ɗaya ya rage masa: ya zama wanda ya fi kowa nisa a tudun garinsu, inda mahaifinsa ya fara kai shi kallo. Yana da shekara talatin da uku, gwiwoyinsa sun fara yi masa ƙorafi, ya kuma yi wa matarsa alkawarin wannan ce shekararsa ta ƙarshe. Har lokacin tsohon bai daina ce masa yaro ba, ko a gaban 'yan jarida, abin kuwa yana sosa masa rai. Ya fara gaya wa abokai cewa bayan tsalle dubbai, fatar fuskarsa ta fi ƙyallaye sanin iska.

Ranar gasar ƙarshe gari ya cika a gindin tudu. Shi ne na ƙarshen hawa. Ya zauna a kan sanda, fitila ta kama, ya ji iska mai daɗi tana shafar fuskarsa, irin wadda ɗan wasa ke roƙo. Ya dubi ƙasa. Tuta na sama, hannun tsoho bai motsa ba. Ya ƙirga uku, ya ƙirga huɗu. Ya ce a ransa tsufa ya kama mutumin nan, zai sa a cire ni a gaban mutanen garinmu. A ta biyar ya saki sanda.

Iskar ta ɗauke shi fiye da yadda ta taɓa ɗaukar kowa a tudun nan. Jama'a suka yi ta sowa yana wuce alama bayan alama, sai sowar ta yanke da suka ga ya wuce jan layin ƙarshen gangaren bai fara sauka ba. A kan fili ya dira, ya faɗi. Gwiwarsa ta dama ta tashi aiki nan take. Nisan da ya yi ma ba a rubuta masa ba, domin a ƙa'idarsu ba a lissafa bajintar wanda ya faɗi.

Bayan wata takwas, yana dogara sanda, ya nemi tsohon ya kai shi inda yake tsayawa da tuta. Shekara ashirin da shida yana wasa a tudun, bai taɓa hawa dandamalin nan ba. Suna tsaye iska ta taso daga kwari, ya ga ƙyallen ƙasa ya miƙe, sannan na samansa, sannan na gaba, tana hawowa a jere kamar mai taka matakala. Bayan ɗan lokaci suka kwanta a jeren da suka tashi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi tsohon ko a ranar nan ya yi niyyar sauke tutar kuwa.

Tsohon ya ce, "A ta takwas zan sauke ta. Na ga guguwar tana hawowa, na ga bayanta. Numfashi uku kawai ya rage maka, yaro."

Wannan karon bai ji haushin kalmar ba.

Kai ma an hau da kai sama, ina kuma taya ka murna. Sai dai ka tuna wanda ke ƙasa da tuta ba tsalle ya fi ka iyawa ba, wurin tsayuwarsa ne ya bambanta da naka. Tun kafin a gina hasumiyar nan Hausawa suka ce: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.