Koren Famfon Malam Mofiz

Saƙo na uku ya fito a shafin intanet na ƙauyen Kajolpur ranar kasuwa, da sunan aron nan dai, Maƙwabci, ba hoto ba komai. Ya ce famfon ƙofar gidan Malam Mofiz ja ne, ba kore ba. Shekaru huɗu da suka wuce masu gwaji sun sami guba a ruwan, suka shafa wa bakinsa jan fenti, washegari wani ya rufe shi da kore. Kowa ya duba tafin hannun yaransa, in ji saƙon, don a nan gubar take fara fitar da baƙin ɗigo-ɗigo.

A Kajolpur ko yaron goye ya san ƙa'idar: kore a sha, ja a wanke ƙafa. Gida goma sha ɗaya ke ɗiba a famfon nan.

Malam Mofiz, tsohon shugaban makarantar firamare, yana zaune a shagon shayin Kashem ana karanta saƙon da ƙarfi. Bai ɗaga kai ba. Shayin ma bai taɓa ba, don ya daɗe yana cewa cikinsa ruwan sama kaɗai yake karɓa, iyalinsa kuma suka bi shi a haka.

Martani ya yi ta zubowa, rabinsu su ma da sunan aro. Wani ya ce ɗan hassada ne da aka hana auren Shefali, 'yar Malam, wadda za a kai gidan manya a garin Chandpur wata mai zuwa. Wani ya ce so ake a ɓata ƙauyen, don kowa ya san gidan jan famfo 'yan neman aure tsallake shi suke yi. Na uku ya rantse in aka gano shi sai an ɗaure shi a jikin famfon. Mutum ɗaya ne ya kawo shawarar a sake gwada ruwan, aka ce to kai ne Maƙwabcin, ya goge maganarsa.

Kashem ya ce, "Marar suna ai marar uba ne. Malam ne ya koya mana rubuta sunanmu, za mu bar shi mu bi inuwa?"

Da hantsi aka taru a bakin famfon don a kunyata maƙaryaci. Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Jahanara, gwauruwar da ke bayan gidan Malam, ta tuƙa famfon ta cika kofi ta shanye, ta sake cikawa ta miƙa wa jikarta Moyna. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu. Malam yana kusa, ya ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a tafinta, ƙanana, kamar an watsa mata garin barkono. Kakar ta ce kaushi ne na wasan ƙasa.

"Malam, yi magana da bakinka," in ji Jahanara. "Kalma ɗaya daga gare ka ta fi mana rubutunsa dubu."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani. Ya duba jama'a. Ya hango Shefali a bakin ƙofa, kusa da ita kawun ango da ya zo tun safe. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

"Ruwana lafiya lau yake," ya ce.

Aka yi tafi. Mata suka jera tuluna, layin ya fi na kullum tsawo, har da waɗanda da can ba a nan suke ɗiba ba.

Malam Mofiz ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Ya daɗe zaune yana jin ƙarar famfon, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya ɗauki waya da hannun da ya shafa koren fentin, ya shiga shafin da sunan Maƙwabci, ya fara roƙonsu karo na huɗu su daina sha.