Kwalbar Ranar Talata

Tun da kamfanin lantarki ya haƙa rijiyoyi biyu a bayan dutse yana zuƙo tururi, ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa a ƙauyenmu, inda muke wanka, ya fara lalacewa. Ni na fara ganewa, don harshena ya fi injin kowane likita. Na ɗanɗana na ce, "Jama'a, ruwan nan ya sauya." Suka ce shayi ne ya ƙona min baki.

Kafin shekara wurin wankan ya koma ɗumi-ɗumi. Ruwan ya yi duhu, ga wari, wanda ya shiga ya fito yana susa. Itatuwan ɓauren da ke bakin magudana suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Kamfani kuma ya nemi haƙa rijiya ta uku, dab da mu.

Mai gari Shevket ya kai ƙara. Alƙali ya ce a auna ruwan wata goma sha biyu. In gishirin cikinsa yana sauyawa, an hana rijiya. In bai sauya ba, a haƙa.

Aka turo Nilgun, masaniyar sinadarin ruwa. Motar ofishinsu Talata kaɗai take biyowa ta wajenmu, Talata kuwa ranar wankan maza ce. Sai ta tsaya a ƙofa ta miƙa kwalba ga Dursun, tsohon da ke gadin wurin shekara arba'in, mutumin da baƙo ba ya barin gidansa da yunwa.

"Zauna, 'yata, ga shayi. Ciki duk ƙattai ne da tumbi, ba abin kallo."

Ya shiga, ya fito da kwalba cike, tas da ita.

Wata na shida ta ce, "Kawu, lambobin awon nan ko motsi ba sa yi. Ban taɓa ganin haka ba."

"Ruwan kakanninmu ne," in ji shi, yana murmushi.

Wata goma sha biyu suka cika, takarda ta fito: babu sauyi. Shevket ya karanta mana a shagon shayi. Wasu suka ce an sayi yarinyar. Ni na ce injinta ne makaho, a kawo min shi in koya masa aiki.

Ran da motocin haƙa suka ratsa ƙauye, kofuna na kaɗawa a kan tebur, muna zaune a shagon shayi. Shevket ya ce, "Wai ruwan da ke wari haka, ta ce lafiyarsa lau?"

Dursun ya ajiye kofinsa, ya gyara zama.

"Haba, mai gari! Baƙuwa ta taso tun daga birni, in ɗebo mata wannan ƙazantar ta kai wa manya, a yi da mu? Daga randar da na cika tun kafin su fara haƙa nake zuba mata, mai kyan."