Ƙwan Zabo a Ƙarƙashin Kaza

Kai da ke son a raba maka gardamar asalin halitta kafin shayinka ya huce, saurari wannan. Wani manomi da wani malamin kimiyya sun shekara ashirin suna cin tuwo a akushi ɗaya. Ran nan malamin ya ce tsuntsu da ƙadangare tushensu ɗaya, ƙwai ne shaida, halitta tana sauyawa a hankali. Manomin ya tsame hannu, ya rantse da Allah ba zai ƙara ci da shi ba sai ƙwai ya raba musu gardama. Ya samo ƙwan zabo bakwai ya sa wa kazarsa mai kwanci, wai in halitta na sauyawa, to ɗumin kaza ya mai da su kaji a gani. Malamin ya ce ba haka zancen yake ba, abin na dubban zuriya ne, amma wa ya saurare shi? Kowa ya koma cin tuwonsa shi kaɗai, kuma wallahi ba wanda ya ji daɗinsa.

Kwana ashirin da ɗaya, lokacin ƙyanƙyasar kaza, shiru. Manomin har ya ɗauko ƙwan zai zubar, matarsa ta tuna masa na zabo sai ya ƙara mako. Ana gobe mako zai cika ya kanga ɗaya a kunne, ya ji abu yana kuka a ciki, ga ɓawo ko tsagewa bai yi ba. Ya manta da fushi, ya ruga ya kira malamin, suka tsuguna bakin akurki suna karɓa-karɓar ƙwan suna saurare. Abin da jiya-jiya ruwa ne da gwaiduwa, yau yana numfashi a ɗakin da ba ƙofa! Da 'yan tsakin suka fito, masu zane-zane a ka, ba wanda ya ɗauko kamannin kaza. Manomin ya ce, "Ka gani, iri ba ya canzawa." Malamin ya ce, "Ka gani, ɗumi ɗaya ya ishe su, dangi ne." Ƙwai bai raba musu gardama ba, rantsuwa kuwa tana nan. Sai manomin ya ciyar da miskinai goma kaffara, ya aika a kira abokinsa tuwo. Har yau zabin nan kukan zabi suke a gidan kaza, mutanen biyu kuma suna gardama da loma a baki. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.