Ƙararrawar La'asar

Karo na huɗu ke nan a mako guda da ƙararrawar hayaƙi ta tsala kuka a ɗakin Nawal, kuma Alhaji Osman, mai benen, ya kai bango.

"Ɗiyata, in ta ƙara kuka sau guda, ki nemi wata shagga, ki bar mini ɗakina. Halas, magana ta ƙare."

Tun da gobara ta lashe benen da ke bayansu, Alhaji ya kafa doka. Kowane ɗaki da ƙararrawarsa a rufi, wanda ya cire mata batir ya kwashe kayansa. In kuwa ta yi kuka, duk mai ƙafa ya hau ya duba. Sau huɗu maƙwabta suna rugawa ɗakinta a hawa na uku da bokitai, sau huɗu ba su tarar da ko ƙauri ba.

Hankalin Nawal ya tashi ƙwarai. Ɗaki a garin Sinnar na Sudan ba a samunsa da sauƙi, ga mahaifinta, Malam Mato, da ta ɗauko daga ƙauyensu na gefen Abu Na'ama bayan idonsa ya rufe. Ina za ta nufa da tsoho makaho?

Da ma in an ce hayaƙi, mace ake kallo. Ta kyautar da itacen turaren jikinta, ta daina suyar gahawa, kaskon turare ma ta kife shi a ƙarƙashin gado. Duk da haka, da la'asar ta yi, tana can shagon ɗinkin da take aiki, sai a bugo mata waya cewa ƙararrawar ta sake kuka.

"Baba, ba ka jin warin komai kafin ta fara?"

"Ban jin komi, ɗiyata," ya ce, yana shafa kan sandarsa. "Amma maƙwabtanki mutanen kirki ne, wallahi."

Kirki? Nawal ta taɓe baki. Masu kirkin da suka ƙarar mata da sukari cikin kwana shida! Zarginta ya tsaya kan Widad ta hawa na biyu, wadda ta daɗe tana kwaɗayin ɗakin don ƙaninta. Turo hayaƙi ta ƙarƙashin ƙofa ai ba aiki ba ne.

Ran Alhamis ta yi wa tsohon sallama, ta buga ƙofa kamar ta fita, ta lallaɓa bayan labulen kicin. Ta kafa wa ƙasan ƙofar ido.

Aka kira la'asar. Ba motsi a matakala.

Malam Mato ya idar da salla. Ya lalubo tabarma ya shimfiɗa, kamar yadda yake yi a ƙofar gidansa a ƙauye, inda ba a wuce shi ba a zauna ba. Ya jera kofunan shayi shida, ya gyara zaman hularsa, ya ƙirga taku biyar zuwa tsakiyar ɗaki.

Sannan ya ɗaga sandarsa sama yana laluben maɓallin gwajin ƙararrawar, yana murmushi, ya ce a hankali, "To, bari in kirawo baƙina."